Wasiƙa daga Nikosiya: tsibiri ɗaya, kasuwa biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya haƙuri da tsadar rayuwa?

Tambayar da kuka fi aiko mini ita ce, wai Saifurus ɗin nan ba Turai ba ce? Wani ɗansa yake son turowa karatu, wani kuma ya ga tallan gidajen bakin teku a Facebook, an ce ana biya kaɗan-kaɗan. Amsar ta danganta da filin da jirginka ya sauka. In Larnaka ne, a kudancin tsibirin, ka shiga Tarayyar Turai. In Ercan ne, a arewa, inda yawancinmu muke sauka, ka shiga ƙasar da duk duniya Turkiyya kaɗai ta yarda cewa ƙasa ce.

Rabuwar tana da asali. Turkawan Daular Usmaniyya (ta Santambul, ba tamu ta Sakkwato ba) sun ci tsibirin a 1571, suka riƙe shi shekara ɗari uku da 'yan kai. A 1878 Ingila ta karɓe shi domin ta tsare hanyarta ta zuwa Indiya ta mashigin Suwes. Har yau a hannun hagu ake tuƙi kudu da arewa, soket ɗin bango ma mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya. Girkawa su ne mafi rinjaye, kusan huɗu cikin biyar, kuma burinsu a lokacin a haɗe su da ƙasar Girka. A 1955 ƙungiyarsu ta EOKA ta ɗauki makami. Sai Bature ya yi abin da ya saba: ya ɗebi Turkawan tsibirin aikin ɗan sanda don su taya shi murƙushe maƙwabtansu. Mutanen da suka yi zaman ƙauye ɗaya suka koma kallon hadarin kaji.

An ba su 'yanci ranar 16 ga Agusta 1960, tsakanin na Nijar da na Nijeriya ke nan. Limamin coci Makarios ya zama shugaba, Baturke mataimakinsa, Ingila kuma ta cire wa kanta sansanonin soja biyu, Akrotiri da Dhekelia, waɗanda har gobe nata ne. Zaman bai kai shekara huɗu ba. A Disamban 1963 faɗa ya ɓarke a Nikosiya, babban birnin tsibirin, wani janar ɗin Ingila ya ɗauki koren fensir ya ja layi a kan taswirar birnin. A Yulin 1974 sojojin da ke mulkin Girka suka ɗaure wa juyin mulki gindi, kwana biyar bayan nan Turkiyya ta sauke dakarunta, ta kama fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin. Girkawa sama da 150,000 suka tsere kudu, Turkawa dubun-dubata suka yo arewa, kowa ya bar gidansa da gonarsa. Ku riƙe wannan, don duk rikicin filaye daga nan ya taso. Layin nan yanzu ya kai kilomita 180, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadinsa.

An so a ɗinke ta hanyar ƙuri'ar raba-gardama a 2004. Turkawa kashi 65 cikin ɗari suka ce sun yarda, Girkawa kashi 76 suka ce a'a, bayan mako guda kuma kudu ta shige Tarayyar Turai abinta.

Kudun ta yi kuɗi, ba musu. Yuro suke kashewa tun 2008. Birnin Limasol cike yake da kamfanonin jiragen ruwa, da lauyoyi da akantoci masu yi wa baƙi rajistar kamfani saboda sauƙin haraji, kuɗin Rashawa kuwa ya daɗe yana kwana a can. Sai dai su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2013 bankuna suka durƙushe, aka rufe bankin Laiki, aka zaftare ajiyar da ta haura yuro 100,000 a manyan bankuna biyu. A 2020 kuma aka soke tsarin sayar wa attajirai fasfo bayan Aljazeera ta tona asirin yadda ake cinikin.

Mu nan arewa, kusan komai ta Turkiyya yake biyowa. Jirgi ba ya zuwa kai tsaye sai ya yada zango a can. Wasiƙa ko kaya in za a aiko maka, adireshin "Mersin 10, Turkiyya" za a rubuta, kamar kana zaune a wata unguwar birnin Mersin na Turkiyya. Ruwan sha ma tun 2015 ta bututu yake tsallako teku. Tunda fitar da kaya waje yana da wuya, sai aka koma sayar da abin da mai saye zai zo da ƙafarsa: otal, gidajen caca, da jami'o'i barkatai. Mu ɗalibai haja ce, gara ku sani.

Abin da ejan ba zai faɗa wa iyaye ba shi ne maganar canji. Ka tsaya gaban gilashin ofishin dillalin gidaje, duk farashin da aka liƙa da fam na Ingila ne. Kuɗin makaranta da yuro ko dala. Amma ɗan aikin da yaro zai samu, wanke-wanke a gidan abinci ko leburanci a wurin gini, da lira, kuɗin Turkiyya, za a biya shi, ita kuwa kullum ƙasa take yi. Uba na can yana fama da naira, ɗa na nan yana fama da lira, mai gida kuma fam ɗinsa kawai ya sani. A 2020 hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye game da turo yara nan. Akwai makarantun kirki da malamai na gari, amma Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a wannan ɓangare, in matsala ta taso sai dai a nemi wanda ke Ankara, babban birnin Turkiyya.

Batun "daga nan sai ka tsallaka Turai" kuwa, zuƙi ta malle ce. Tun 2003 aka buɗe ƙofofi, 'yan tsibirin da Turawa suna kai da komo, har Girkawa kan shigo shan mai don ya fi araha. Mai koren fasfo da ya shigo ta Ercan fa, a wurin hukumomin kudu ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Masallacin Hala Sultan da ke Larnaka, inda ake cewa nan kabarin sahabiya Ummu Haram yake, tafiyar kamar awa ɗaya ce daga nan, amma ga yawancinmu ya fi Makka wuyar zuwa.

Sai ku masu son sayen gida. Fili mai yawa a arewa na Girkawan da suka gudu ne, kuma takardunsu na asali suna nan a hannun 'ya'ya da jikoki. Wasu ma'aurata 'yan Ingila sun gina gida a irin wannan fili, mai shi ya kai ƙara a kudu, a 2009 kotun Tarayyar Turai ta ce hukuncin yana aiki har a Ingila, suka rasa gidan. A 'yan shekarun nan ma kotunan kudu sun ɗaure wasu baƙi masu tallan irin waɗannan gidaje. Kafin ku ba da ko sisi, ku nemi lauyan da ba na kamfanin ginin ba, ya duba muku sunan wa filin yake ɗauke da shi kafin 1974.

A gaida mutanen gida. Wassalam.