Saƙon Godiya Bayan Hayaƙin Gobarar Dajin Alberta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, sanyi ya fara shigowa Edmonton, babban birnin lardin Alberta na Kanada, sama ta washe, Hajiya kuma tana barci ba tare da tari ya tashe ta ba. Tun da gwamnatin Alberta ta kafa dokar ta-ɓaci saboda gobarar daji ranar 6 ga Mayu, 2023 kuna tare da mu, don haka ba sai mun maimaita labari ba. Mun gaji, amma godiya ba ta jira.

Mun san masu alheri ba sa son a nuna su, to su yi mana afuwa. Ta farko ita ce maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya. A daren da ma'aunin haɗarin gurɓatar iska ya haura 10, ƙirjin Hajiya na ta ƙugi, ita ce ta shigo ta zaunar da ita tsaye, ta haɗa mata shuɗin abin shaƙar asma da bututunsa, feshi ɗaya ja da numfashi a hankali, sannan na gaba. Ta ce in tambaya ce a kira 811, layin shawarar lafiya, amma in mutum ya kasa ƙarasa jimla ko leɓɓansa suka canza launi, 911 kai tsaye, ba shawara. Ba ta tafi ba sai bayan asuba. Allah Ya tsare mata zuri'a, Ya sa ta gama da iyayenta lafiya.

Sai Kawu, wanda ya haɗa mana akwatin tace iska, kuma ya ce a rubuta yadda ake yi don amfanin kowa. Matatan iska huɗu masu lambar ƙarfin tacewa MERV 13, inci 20 sau 20, a tsayar da su kamar bangon ɗaki, kibiyar da ke gefen kowace na kallon ciki. Kwali a ƙasa, fanka mai kusurwa huɗu ta inci 20 a sama tana hura iska zuwa rufi, a bi kowace mahaɗa da salatif mai ƙarfi. Inda ake samun matsala biyu ne: a juya kibiya waje, ko a bar ɗan gibi, sai iska ta bi ta gibin ta bar matatar. Fankar ta zama ƙirar 2012 zuwa yau saboda hatsarin zafi. Ɗaki ɗaya za a zaɓa, mai ƙarancin tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, nan tsofaffi da yara za su kwana. In matata ta yi baƙi, a canza. Ba a wanke ta.

Shi ne kuma ya hana mu barin fankar banɗaki da ta kicin a kunne, domin duk iskar da suka fitar, hayaƙin waje ne ke kurɗowa ya maye gurbinta. A mota, a danna maɓallin da ke juya iskar ciki.

Muna godiya ga matan jama'armu da suka haƙura da turaren wuta da suyar ƙosai tsawon waɗannan watanni, suka riƙa aiko da dafaffen abinci. Wanda ya san Bahaushiya da kaskon turarenta ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Haka samarin da suka raba takunkumin N95 bayan sallar Juma'a. Da yawa sun ɗauka abin kamar hazon hunturu ne na gida, a ja mayafi ko rawani a rufe hanci. Ƙwayoyin hayaƙi sun fi silin gashi ƙanƙanta wajen sau 30, suna ratsa yadi da takunkumin asibiti su sauka can cikin huhu. N95 ɗin ma sai ya kama fuska, an matse ƙarfen hanci. Mai cikar gemu ya sani iska na shiga ta gefe, gara ya rage fita.

'Yan uwa na Kano da Zinder da suka riƙa kira cikin dare suna tambaya, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda ke nan Kanada tare da mu amma ko saƙon waya ba mu gani ba, mun ba su uzuri, wataƙila hayaƙin ne ya tare hanya.

Ya Allah Ka saka wa masu kashe gobara, Ka mayar wa mutanen Drayton Valley da Edson da Yellowknife da aka kwashe daga gidajensu da mafi alheri. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka shayar da dazuzzukan nan ruwa mai albarka, Ka kare mu daga wutar duniya da ta lahira. Amin.

Wanda ya ari akwati a wajen Kawu ya cire tsofaffin matatan, ya ɗaure su a leda kafin ya zubar, ya maido fankar. Sababbin matata kuwa a saya tun Afrilu, don da zarar hayaƙi ya sauko sukan ƙare a kantuna.