Kumfa a bakin leda

Yau a ajin koyon ƙunshe kaya a Garwa ta ƙasar Kamaru aka tsoma ledojin kilishi goma a bokitin ruwa, aka matsa kowace da hannu. Huɗu suka yi kumfa, duk daga baki. Injin liƙewa lafiyarsa ƙalau. Maiƙo da garin ƙuli-ƙuli ne suka maƙale a bakin, suka hana ledar kamawa. Ta nan iska ke shiga, man ya lalace. A bar santimita uku daga baki babu kaya, a goge bakin kafin a liƙe.

Tun 2014 Kamaru ta hana ledar da ba ta ruɓewa in kaurinta bai wuce maikiron 60 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), amma kauri bai toshe wannan kafa. Kilishi nawa muka ɗora wa zafin Garwa laifinsa, alhali bakin leda ne?