Ranar da aka zagaye ni a cinikin gida

Mai sayen nawa ne, gidan kuma yana hannun wani dillali. Irin cinikin da ake yi kullum: kai ka kawo mutum, shi ya kawo gida, idan an daidaita a raba la'ada biyu. Da na tayar da maganar rabo a waya sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai ba sai an faɗa ba." Wannan "ba sai an faɗa ba" ita ce har yau take ci mini rai.

Muka je ganin gida. Mai sayen ya ce in duba masa ɗakunan sama ko rufin yana yoyo. Na hau, na ga tabon ruwa a silin, na ɗauki hoto. Ina saukowa na iske su a bakin ƙofa kowa riƙe da waya, suna ganina kowa ya cusa tasa aljihu. Daga ranar mutumina ya koma "zan neme ka", dillalin kuma ya ce mai gida ya fasa sayarwa. Sai da na bi ta layin wata rana na ga ana sauke kujeru daga mota, mutumina tsaye yana nuna inda za a ajiye.

Na kira dillalin, ko kunya babu ya ce, "Ai shi ya neme ni da kansa." To me zan riƙe? Ba takarda, ba saƙo, ba shaida. Man da na ƙona da gidajen da na yi ta nuna wa mutumin kafin wannan, duk sun bi ruwa.

Yanzu kafin makulli ya shiga ƙofa sai mun rubuta: wane gida, wa ya kawo mai saye, kashi nawa kowa zai ɗauka, da ko akwai wani dillali a tsakani. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don sau da yawa sai an biya kafin alƙalami za ka ga mutum uku sun ɓullo, kowa na cewa ta hannunsa gidan ya biyo. Saƙon WhatsApp ma ya isa. Wanda ya ɓata rai don na ce a rubuta, na san inda ya dosa.

Ni ma akwai abin da na ɗora wa kaina. Ba na karɓar lambar mutumin da wani ya kawo, ko da shi ya miƙo mini. Idan gida na da matsala, rikicin magada ne ko takardun ba su cika ba, nakan gaya wa abokin sana'a tun kafin ya ɗauko mutuminsa ya ji kunya. An sayar da gida, in sanar da duk wanda na tura wa hoto ya daina talla. Masu kwafar hoton wani su ɗora nasu farashin a kai kuwa, su ke sa mai saye ya ga gida ɗaya da kuɗi kala-kala, ya ɗauke mu duka 'yan damfara.

Abin da ya ba ni mamaki daga baya, wani dattijon dillali ne da ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba. Wata mata da na nuna wa fili ta lallaɓa wajensa don a rage mata. Ya tambaye ta wa ya fara kai ta, ta faɗa, ya nemo lambata ya kira: "Malam, mutuniyarka ce a nan, zo a ƙarasa da kai." Aka ƙarasa, ya ƙirga rabina ya ba ni a gabanta.

Wancan kuwa kwanaki ya kira, wai yana da mai neman gidan haya, ko ina da wani a hannu. Akwai. Na ce ya fara turo saƙo tukuna. Har yanzu bai turo ba.