Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Baba ya kai ni Bardsey

Jama'a barkanmu da war haka. Wancan makon na tsaya a inda na kama ɗaki a gidan wani dattijon Bature a birnin Leeds na ƙasar Ingila, wanda matarsa ta rasu shekara biyu kafin zuwana, ni dai Baba nake ce masa tun yana mamaki har ya saba.

To wata Lahadi sai ya ce in shirya za mu je cin abincin rana a ƙauyen Bardsey, wata mashaya wai ita Bingley Arms. Wallahi sai da gabana ya faɗi, ni da ko layin masu burkutu ba na bi a garinmu. Na ce Baba ka san fa ba na sha. Ya ce shi ma shayi zai sha tunda shi ke jan mota.

Ginin dutse ne, katakon rufin ya yi baƙi don tsufa, ga wuta na ci a murhu, ga wani kare kwance ƙarƙashin tebur, tsofaffi da iyalai har da yara kowa na cin abincinsa ba hayaniya. Kifi da soyayyen dankali na ci saboda ban yarda da yankan naman ba.

Masu wurin suna cewa tun shekarar 953 ake saukar baƙi a nan, shi ya sa suke kiranta mafi tsufa a Birtaniya duk da akwai wasu mashayun da ke ja da su. Da can sunanta Priests Inn, wato masaukin limaman coci, sai daga baya aka sa mata sunan wani basarake, Lord Bingley. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maɓoyar da ke cikin bututun hayaƙi. Bayan Sarkin Ingila Henry na 8 ya raba gari da Paparoma a 1534 an zo ana farautar limaman Katolika, to a irin wannan lungun ake cusa mutum ya yi tsit har masu nemansa su wuce. Na daɗe ina kallon wurin ina tunanin yadda numfashi ma zai yiwu.

Muna cikin shan shayi Baba ya nuna min kujerar da matarsa ke zama. Ya ce da ta rasu sati uku bai leƙo ba, sai ga mutum biyu daga teburinsu sun yi takakkiya har Leeds sun buga masa ƙofa. Nan take na tuna majalisar su mahaifina a gindin darbejiya, idan ba a ga mutum da la'asar ba sai an aika yaro ya dubo shi.

Da azahar ta yi na fita wajen ajiye motoci na shimfiɗa rigar sanyina, ana yayyafi, Baba ya tsaya a gefe ya riƙe min lema har na sallame.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo muku yadda muka kwashe da Inna a waya da na gaya mata inda na je.