Jantin da na rufe wa asiri

Ranar Alhamis na miƙa wa Kawu makullin warsha, wato wurin aikinmu, bayan shekara huɗu ina duƙe a tsakar gidansa a unguwar Hindawiyya ta Jidda, ni da tsofaffin jantuna, wato rim ɗin da ake ɗora tayar mota a kai. Daga tashlihin Buraiman, inda ake farke matattun motoci, muke kwaso su, iskar gishirin Jidda ta cinye su ta ƙarƙashin fenti, mu goge, mu miƙe, mu fesa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne jantin alminiyon na wata Land Cruiser da ya lanƙwashe ta leɓen ciki. Mai motar na sauri, Kawu ma na sauri. Na kunna wuta na dafa wurin kamar yadda nake wa na ƙarfe, ina jiran ya yi ja. Alminiyon ba ya ja. Yana nan fari fat har ya narke a wajen digiri 660, kuma tun kafin nan ƙarfin da aka gasa masa a masana'anta ya tafi. Da na buga guduma, sai ga tsaga siririya kamar gashi. Na nuna wa Kawu. Ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Sa ma'ajun ka fesa, ɗan nan, ba jirgin sama ba ne." Na sa ma'ajun ɗin, wato abin da ake shafawa a rufe tsaga, na fesa. Wallahi ya yi kyau, har hoto na ɗauka.

Kwana tara, taya ta sace a hanyar Makka, gab da Shumaisi, da iyali a ciki. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da mutumin ya dawo yana huci, Kawu ya nuna ni da haɓa: "Aikin yara ne, Alhaji, a yi haƙuri." Ya cire riyal 600 daga kuɗina. Ban ce uffan ba, ƙanen mahaifiyata ne, kuma a gidansa nake cin tuwo. Amma hannuna ne ya shafa ma'ajun ɗin, wannan ban taɓa musu ba.

Tun daga ranar ba jantin da ya ga fenti sai na jiƙa shi da kananzir, na goge, na barbaɗa garin alli. In da tsaga, kananzir ke fitowa ya zana ta. Kawu ya ce ɓata lokaci ne. Tsagar da ta kama ƙafar janti ko ramin noti ba na waldarta, ko nawa za a biya.

Sauran darussan ƙanana ne. Ƙirga ramukan noti kafin ka sayi janti, na Land Cruiser samfurin 80 shida, na samfurin 100 biyar. Kada ka yi fesa ranar ƙura.

Yaron da zai gaje ni na bar masa gwangwanin alli a bayan kwampireso, inda Kawu ba ya dubawa.