Ranar da inuwa ta ɓuya a Tawa

"Mushe, da gaske ne akwai ranar da mutum ke rasa inuwarsa?" Wani yaro ne ɗan bencin baya ya jefo mini tambayar, wai wurin kakarsa ya ji. Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce sai dai in maye ne ya kama masa kurwa. Ni kuwa na san tsohuwar ba ta faɗi ƙarya ba, don na karanta abin tun ina ɗalibi, sai dai ban taɓa tsayawa na gani da idona ba. Shekara goma sha ina koyarwa a lakwal nan Tawa, inuwar tana ɓuya a ƙarƙashin ƙafata sau biyu kowace shekara, ni ina can gindin bedi ina fifita.

Dalilin ba shi da wuya. Duniya a karkace take juyawa, karkatar da ta kai digiri 23 da kusan rabi. Saboda haka wurin da rana ke tsayawa daidai bisa kai yana tafiya arewa har wajen 21 ga Yuni, sannan ya juyo kudu har wajen 21 ga Disamba. Tawa tana gab da digiri 15 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana kan bi ta kanmu a hanyarta ta zuwa, ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ta sake bi a hanyar dawowa wajen 12 ga Agusta. Ta Agusta ba abin dogara ba ce, hadari na iya rufe ta. Muka tsayar da ta bazara.

Ranar farko na sha kunya. Na kafa sandar tsintsiya a filin lakwal, na tara yara cikin zafin da ya haura digiri 40, na ɗaga wayata ina ƙirga. Sha biyu ta buga cif. Ga inuwa nan kwance wajen yamma, ta fi tsawon ɗan yatsa, ko alamar tafiya ba ta yi ba. Yaran suka dube ta, suka dube ni. Na ce su koma aji.

Da marece na kai kukana wurin tsohon ladanin masallacin unguwarmu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka rana ta san agogonka?" Ya nuna mini wani ƙusa a jikin katanga wanda, tun kafin a samu takardar lokutan salla, da inuwarsa yake gane zawali: inuwa ta yi ta raguwa, ta tsaya, ta fara ƙaruwa ta ɗaya gefen, to azahar ta shiga. Ya ce a garin nan bai taɓa ganin hakan ya faru kafin sha biyu da minti ashirin ba. Na ce, "Baba, ka fi ni gaskiya." Na koma gida na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. An ɗaura agogon Nijar a kan layin digiri 15 na gabas, wanda ke can wajen iyakar Chadi. Tawa tana digiri 5 da ɗoriya. Rana tana cin minti huɗu kafin ta ƙetare kowane digiri, ke nan muna bayan agogo da kusan minti arba'in. Na Yamai sun fi mu ma jinkiri.

Washegari muka fito sha biyu da rabi. Da minti shida ko bakwai suka wuce, inuwar sandar ta lafe a gindinta. Abin da ya fi burge yaran ba sandar ba ce, gwangwanin tumatir ne da wata yarinya ta ajiye a kan siminti: ya zauna fes babu baƙi ko ta wane gefe, kamar an zana shi. Mai tambayar ya yi tsalle don ya ga ko tasa za ta fito, ta kuwa fito, ƴar dunƙule a ƙarƙashinsa, ya sauko ya take ta.

Da a nan na tsaya, da na huta. Amma kwaɗayi ya kama ni, na tuna Eratostenis, shugaban ɗakin littattafan Iskandariya a Masar, wanda ya auna girman duniya da irin wannan inuwa wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ji cewa a garin Siyen, Aswan ta yau, rana kan haska har ƙasan rijiya a tsakar rana mafi tsawo ta shekara. A wannan ranar a Iskandariya sanda tana da inuwa, karkatarta kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Ya ce to, nisan garuruwan biyu kashi ɗaya ne cikin hamsin na zagayen duniya. Mu ma muna da tamu Iskandariyar: Birnin Ƙonni tana kudu da Tawa sak, kusan a layi ɗaya, zawalinmu da nasu lokaci guda ne. Kuma ina da ƙane a can, tela ne, awo shi ne abincinsa.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya, duniyar za mu ɗinka wa riga?" Amma ya yarda.

A nan ne na koyi abin da littafi bai gaya mini ba. Tsakaninmu da Ƙonni digiri ɗaya ne da ɗan kai, inuwar da za a nema a gindin sanda mai mita biyu ba ta kai santimita huɗu cikakku ba. Ita kanta sandar kaurinta ya cinye rabi. In ta ɗan jirkice, an tashi a banza. Mafi muni, inuwa ba ta da baki. Ka durƙusa ka duba ƙarshenta da kyau, za ka ga baƙin yana narkewa a hankali zuwa haske. Rana ba ɗigo ba ce, faifai ce mai faɗin rabin digiri a sama, don haka daga tsayin mita biyu dushewar kaɗai ta kusa santimita biyu. Ƙanena ya aiko da biyar, ya sake aikowa da uku, ya ce in zaɓi wanda ya yi mini.

Shi ne kuma ya samo mafita ba da niyya ba. Rumfar shagonsa ta tsohon kwano ce mai hujin ƙusa, kullum da rana wani ɗan haske kan sauko ya zauna a kan tebur. Ya ce abin da ke ba shi mamaki, hujin a yage yake amma hasken kullum zagaye. Na kusa yar da wayar. Wannan zagayen ai hoton ranar ne da kanta, abin da Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayaninsa shekara dubu da suka wuce. Zagaye kuwa yana da tsakiya, ana iya ɗiga mata alƙalami. Muka yar da sanda. Kowannenmu ya huda marfin gwangwani, ya ɗaure shi mita biyu daga ƙasa, ya sako zare mai nauyi a ƙarshe daga hujin, irin wanda magina ke daidaita bango da shi, ya sa alama a takarda inda ya taɓa, ya cire zaren. Daga sha biyu da kwata muka riƙa ɗiga tsakiyar hasken duk bayan minti biyu. Ɗigon da ya fi kusa da alamar shi ne zawali, ba sai an tambayi agogo ba.

Dole a yi awon rana ɗaya a garuruwan biyu, domin a wannan lokacin na shekara hasken kan gusa kusan santimita ɗaya kowace rana. Da muka haɗa nawa da nasa, bambancin ya tashi santimita huɗu. Nasa hasken ya faɗi kudu da alama, abin da ya sa ya zaci ya ɓata aikin, sai da na tuna masa cewa ranar ta riga ta wuce kansu ta yo wajenmu.

Lissafin yaran suka yi a allo. Santimita huɗu cikin ɗari biyu na tsayin zaren, ɗaya ke nan cikin hamsin, amma ba na da'ira ba irin na Eratostenis: yadda huɗun take ga zaren, haka nisan garuruwan biyu yake ga nisan cibiyar duniya. Nisan Tawa da Ƙonni a miƙe wajen kilomita 122 ne. A ninka sau hamsin, an samu 6,100, nisan da ke tsakanin tafin ƙafarmu da cibiyar duniya. Na masana 6,371 ne. Zagayenmu ya fito dubu 38 da ɗoriya, nasu kusan 40,000. Yaran suka yi ta tafi, ni dai ban saki jiki ba. Da ƙanena ya ɗiga alƙalaminsa rabin santimita gefe, da duniyarmu ta ragu ko ta ƙaru da ɗaruruwan kilomita, akwai sa'a a ciki. Kuma nisan nan daga taswirar waya na ɗauko shi, wadda masu yin ta sun riga sun san girman duniyar. Na gaya wa yaran wannan satar amsa ce ta rabi. Masanan da Halifa Ma'amun ya aika sararin Sinjar, a Iraƙi ta yau, wajen shekarar 830 su da ƙafarsu suka taka nisan, suna jan igiya.

Na kai wa Baba Ladan takardar mai ɗige-ɗige. Girman duniya bai dame shi ba ko kaɗan. Abin da ya sa ya gyara zama shi ne da na ce Ka'aba ma tana da irin wannan rana, 27 ko 28 ga Mayu da 15 ko 16 ga Yuli, kuma a wannan lokacin duk wanda ya fuskanci rana alƙibla ya fuskanta, inuwarsa na bayansa. Ta Mayu tana faɗowa ƙarfe goma da minti 18 na safe agogonmu. Ya sa na rubuta masa a bangon littafinsa da ajami, ya ce in zo da zaren nan mai nauyi, kuma kada in kawo yara da yawa.