Apache ta ƙi tashi

Talata da dare.

Jiya komai lafiya lau. Na girka XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar gwaji, a kwamfutata, na zuba WordPress, manhajar gina shafin intanet, cikin foldar htdocs ta XAMPP, har na ɗora hotuna da rubutu na gwaji, don ina so in gama gina shafin a ɓoye kafin ya hau intanet. Yau da safe na kunna kwamfuta, na danna maɓallai biyu na XAMPP, na tayar da Apache mai miƙa shafi ga burauza da na MySQL mai riƙe rumbun bayanai. MySQL ta yi kore nan take. Apache kuwa ta yunƙura ta koma, sai jan rubutu a ƙasa yana cewa wani aiki mai lamba 4 ya riƙe ƙofa ta 80.

Ƙofa ta 80 ita ce burauza ke ƙwanƙwasawa idan aka rubuta adireshin http ba tare da lamba ba, kuma manhaja biyu ba sa zama a bakinta lokaci guda. Wadda ta riga zuwa ita ke da wuri. Na rubuta umarnin netstat -ano, mai nuna aikin da ke riƙe da kowace ƙofa, don in ga da idona, lambar dai ita ce. A Windows lamba 4 ta tsarin kwamfutar ce kanta, ba abin da mutum zai kashe ya huta ba. Ana iya bin sawu har a gano hidimar da ta fake a ƙarƙashinta a tsayar da ita, amma ban ga dalilin taɓa abin da wata manhajar ke iya dogaro da shi ba. Na buɗe httpd.conf, fayil ɗin saitunan Apache, na mayar da Listen 80 zuwa Listen 8080, na gyara layin ServerName. Apache ta tashi.

Ashe da sauran rina a kaba. Duk sanda na rubuta localhost:8080, wato kwamfutata ta ƙofa ta 8080, da sunan shafin, sai burauza ta yar da lambar ta koma tsohon adireshi, inda babu kowa. Nan na fi daɗewa, ina ta duba fayil ɗin kurakuran Apache alhali ba shi da abin faɗa, domin a wajensa aiki na tafiya daidai. WordPress ce ke tura ni. Tana ajiye adireshinta a rumbun bayanai, cikin teburin wp_options, a layuka biyu, siteurl da home. Na shiga phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbun, wanda shi ma yanzu sai ta 8080 ake samunsa, na ƙara lambar a dukansu.

Duk da haka burauzar ta ci gaba da halinta, saboda ta haddace turawar farko, irin mai lamba 301, wadda ake ɗauka ta dindindin ce. Da na buɗe tagar sirri sai ga shafi ya bayyana. Na share ma'ajiyar burauzar, aka wuce wurin.

Hotunan cikin rubutun ne har yanzu ba su fito ba, tsohon adireshi na manne a jikinsu cikin wp_posts. Ba zan bi rumbun da sauya rubutu kai tsaye ba, don wasu saitunan ana ajiye su tare da adadin haruffansu, ƙarin harafi biyar na :8080 kawai ya isa ya lalata su. Umarnin search-replace na WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress ta rubuta umarni, ya san yadda ake lissafin nan. Gobe zan kwafi rumbun in ajiye gefe tukuna, sannan in gwada shi.